Jitar Hagu Daga Japan

Talata, 4 ga wata

Auta,

Ina gaishe ka gaisuwar babban wa ga ƙaninsa, wato kaɗan, don kada ka sangarce. Ina fata kana lafiya, kai da amaryarka da abin da take ɗauke da shi. Allah Ya sauke ta lafiya. Mu nan ƙalau muke. Antinka na gaishe ka, ta ce in gaya maka keken ɗinkin da ka turo mata bara ko tari bai taɓa yi ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro, tunda ka san ni, in magana ta yi nauyi ba na iya yin ta a waya. Wani mai ɗakin ɗaukar sauti ya zo lambun otal ɗin da muke wasa ran Asabar da yamma. Ya zauna ya saurare mu har muka tashi, sannan ya ce zai ɗauki waƙoƙinmu takwas nan da wata uku. Madugu, shugaban ƙungiyarmu, har rawa ya taka, da tumbinsa da komai. Ni kuwa shekara ashirin da shida ina kaɗa jita, ba a taɓa sa hannuna a faifai ba.

To amma ka san da me nake wasa. Jitar otal ce, ta masu hannun dama, na kifa ta na sake mata jerin tsirkiya don ta bi ni, ni Bahago. Maɓallanta a ƙarƙashin damtsena suke, in na motsa sai murya ta ragu ko ta ƙaru ba da izinina ba. Ga wuyanta ya fara karkacewa. A gaban masu cin abinci da ƙarar cokula ba mai lura, amma makirufo ba ya rufa wa kowa asiri.

Tunda kullum kana cikin sito inda ake sauke kwantenonin gwanjo, ka sa mini ido. Jitar lantarki nake so, ta hagu. Ban ce sai ta Amurka ba, na san kuɗinsu yanzu ya fi ƙarfin talaka. Ticha, mai jita ta biyu a cikinmu, ya ce na Japan ba su da laifi, kuma kuɗin ta Amurka ɗaya zai sayi huɗu. Ni dai ban taɓa riƙe ɗaya ba. In ka samu, ka ɗaga ta kamar mai auna bindiga, ka bi wuyan da ido, ya zama miƙaƙƙe. Launi ba ruwana, ba aurenta zan yi ba.

Ka gaida amarya. Ka rage gudu da motar nan.

Yayanka,
Bahago


Lahadi, 23 ga wata

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Amarya na durƙusawa tana gaishe ku. Ƙafafunta sun ɗan kumbura, amma a asibiti sun ce ba komai.

Yaya, na yi murna da labarin faifan nan har na kasa cin abinci. Tun ranar da takardarka ta zo nake bin kwantena ɗaya bayan ɗaya. Jita kam tana zuwa, a tsakanin firji da kekuna da tukwanen lantarki, amma duk na dama ne. Abokan aiki har sun fara yi mini dariya, wai ina neman allura a cikin rairayi. Sai ran Alhamis aka buɗe wata, can ƙurya bayan injinan wanki na hango baƙar jaka doguwa. Da na zuge ta na ga maɓallan a wancan gefen, wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Ja ce, ja mai duhu. Akwai ɗan ƙwarzane a bayanta inda bel ɗin mai ita ya riƙa gogawa, ban da shi ba tabo. Na ɗaga ta yadda ka ce, wuyan kamar an ja shi da zare. A aljihun jakar akwai tsirkiya sabuwa ba a buɗe ba, da ƙyalle mai laushi a ninke. Ko waye mai ita, mutum ne mai tattali. Na kai wa wani mai sayar da kayan kiɗa a bakin tashar jirgi, ya jona ta, ya ce irin waɗannan su ne masu sani ke saye su yi shiru, don katako da aikin hannu ba su bar na Amurka da komai ba, suna ne kawai ba su da shi.

Kada ka tambaye ni nawa, ba zan faɗa ba. Ban manta da farar jitarka ta Amurka ba, wadda ka sayar shekara tara da suka wuce don in samu lasin ɗin tuƙi da wurin kwana a nan. Ba ka taɓa ambata ba, ni ma ban taɓa samun bakin da zan ambata ba. Wannan ba ta kai ta ba, amma ita ce abin da hannuna ya kai.

Na naɗe ta da bargo biyu na ba direban tirela da ke kawo muku kaya. Na gargaɗe shi kada ya ɗora komai a kanta.

Ina jiran in ji yadda ta yi. Allah Ya ƙara girma.

Ƙaninka mai biyayya,
Auta


Litinin, 15 ga wata

Auta,

Gaisuwa. Saƙo ya iso lafiya tun mako biyu da suka wuce, na gode. Na yi jinkirin amsa ne don ina so in ba ta dama tukuna.

Kyau kam tana da shi. Ranar da na shiga da ita, Madugu ya shafa ta ya ce in ba don ta hagu ba ce da ya ƙwace. Amma zan gaya maka gaskiya, tunda ba a ɓoye wa ɗan'uwa: jitar nan mayaudariya ce. Wuyanta ya yi kauri, ba ya zama a tafin hannu. Tsirkiyoyin sun yi tauri kamar wayar shinge. Ka danna, ka tabbata ka danna, sai ka ji sauti ya fito a shaƙe kamar an maƙure kaza.

Asabar ɗin da ta wuce ta kunyata ni. Akwai waƙar da nake shiga ni kaɗai a tsakiya, wadda ko daga barci aka tashe ni zan kaɗa. Na zo wurin hawa sai ta ƙi. Sau biyu. Mai ganga ya ɗago kai ya kalle ni, Ticha ya yi sauri ya rufe wurin da tasa jitar. Wata mata a teburin gaba ta sa hannu ta rufe baki. Ni, Bahago, a ce wani ne ke rufa mini asiri a dandali! Bayan an tashi Madugu ya ja ni gefe yana cewa, “Lafiya dai ko?” Na ce masa ya tambayi mutanen Japan.

Na sake mata tsirkiya masu laushi, duk ɗaya. Dama an ce araha ba ta ado. Ba laifinka ba ne, kai direba ne, ina za ka san jita? Mai shagon da ya yabe ta kuwa, ɗan kasuwa ne, ko tsintsiya ka kai masa zai yaba.

Tunda ka ɗauko maganar farar nan, bari in ce maka ita ba a danna ta. Tunanin sauti kawai kake yi, sai ta faɗe shi. Shi ke nan, abin da ya wuce ya wuce.

Saura mako bakwai a shiga ɗaukar faifai. Ban san yadda zan yi ba. Wataƙila in koma wa ta otal, da babu gara ba daɗi.

Ka gaida amarya.

Yayanka


Juma'a, 19 ga wata

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa, tare da Anti da yara.

Na karanta takardarka a cikin mota, a layin jiran lodi. Da layi ya motsa sai da na baya suka yi ta danna mini oda kafin na farga. Ka yi haƙuri, Yaya. Na yi zaton na yi abin kirki, ashe kunya na aiko maka a cikin bargo. Gaskiyarka ce, ni direba ne.

Ga abin da na yanke. Mai shagon nan na bakin tasha ya san wani dillali da ke da ta Amurka, ta hagu, irin farar taka sak, sai dai wannan ruwan madara ce. Na je na gan ta da idona, a cikin gilashi take kamar amarya. Ya yarda zai riƙe mini ita kwana goma sha biyu.

Zan sayar da a-kori-kurata. Akwai wani mai gidan burodi da ya daɗe yana zawarcinta, zai zo ya duba ta mako mai zuwa. Kada ka damu da ni, masu sito za su mayar da ni kan tasu motar, albashi ne kawai maimakon nawa na kaina. Da haka na fara ai. Mota ana sake saye, amma ba kullum mai faifai ke zuwa lambun otal ba.

Ban gaya wa amarya ba tukuna, saboda halin da take ciki. Kai ma don Allah kada ka gaya wa Anti, ka san su biyun ba sa ɓoye wa juna komai. In an gama sai in san yadda zan lallaɓa ta.

Ka riƙe ja ɗin a wurinka har wannan ta iso, sai ka ba direban tirela ya dawo mini da ita.

Allah Ya bar mana kai.

Ƙaninka,
Auta


Laraba, 24 ga wata

Auta, ƙanin mijina,

Ina gaishe ka, ina gaida ƙanwata da nauyin da take fama da shi. Ka yi haƙuri da rubutuna, ni da almakashi na saba, ba da biro ba. Na biya direban mota ya kawo maka wannan hannu da hannu don kada ta makara.

Kada ka sayar da motar nan. Ko an kawo kuɗi an zube a gabanka, kada ka karɓa.

Takardarka a aljihun rigar yayanka na same ta, zan mayar masa da maɓalli. Na karanta, ban kuma ba kowa haƙuri ba. Kwana biyu tana aljihunsa, yana yawo da ita, bai amsa maka ba, bai ce ka fasa ba. Wannan ne ya sa na ce shirun ya isa.

Jitarka lafiyarta lau. Hannun yayanka ne ba lafiya.

Ka san shi bahago ne, da hagu yake kaɗawa, da dama yake danna tsirkiya. To 'yan yatsu biyu na hannun daman, ƙaramin da na kusa da shi, sun fi wata biyar suna mutuwa. Ni tela ce, hannun mutane nake kallo kafin fuskarsu. Na ga ya daina sa maɓallin wuyan hannun riga da kansa. Na ga kofin shayi ya suɓuce masa sau uku. Ran nan ya jingina hannu a jikin dutsen gugana, da zafinsa, yana ba ni labarin Madugu, sai da na ji ƙauri na fizge hannun. Bai ji ba, Auta. Ya kalli ƙunar kamar a jikin wani take. Na ce mu je asibiti, ya ce sanyi ne. Kuma tsokar da ke gefen tafin hannun ta fara lotsawa.

Da jitar otal yana da abin ɗora wa laifi, kowa ya san karkatacciya ce. Ni a ganina shi ya sa ya nemi sabuwa, yana fata ita ce matsalar. Da taka ta zo, lafiyayya, ba sauran mafaka, sai ya ɗora mata.

Jiya da ya fita na ɗauki jitar na kai wa tsohon nan mai gyaran kayan kiɗa na bayan kasuwa. Ya auna wuya, ya auna tsayin tsirkiya da 'yar rula, ya jona ta, ya kifa ta ya ɗan taɓa. Ya ce, “Hajiya, wa ya ce wannan na da ciwo? Yaron goye ma zai danna ta. In mai ita ba ya so, ni ina so.” Na ce a rubuta mini a takarda, ya yi dariya ya rubuta.

Da yayanka ya dawo cin abincin rana na ajiye masa takardar tsohon da taka a gefen faranti. Ya karanta, ya ce, “Wa ya ba ki izinin taɓa mini kaya?” Na ce, “Wanda ya ba ka izinin cinye motar ƙaninka.” Shekara ashirin da biyu muna tare, ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Ya tashi zai ɗauki jitar ya nuna mini ƙarya nake. Ya rataya ta, ya ɗora yatsun, ina kallon ƙaramin yana lanƙwashewa kamar ba ƙashi a ciki. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire ta a hankali ya jingina da bango, ya shiga ɗaki ya tura ƙofa.

Kada ka tsane shi. Bai iya komai ba a duniya sai wannan abu, kai ma ka sani. Amma kai yake jin kunya fiye da kowa, don haka kai za ka yi masa magana.

Ka gaishe mini da ƙanwata, ka ce rigunan jariri na nan na kusa gamawa.

Antinka


Asabar, 27 ga wata

Yaya,

Ina gaishe ka. Yau ba zan tsawaita gaisuwa ba, ka gafarce ni.

Takardar Anti ta same ni ran Alhamis da azahar. Da safiyar ranar mai gidan burodi ya zo duba mota, ba a sito ba kamar yadda muka yi, har ƙofar gida. Ina wanka, amarya ce ta fita. Daga bakinsa ta ji. Yana ta buga taya da ƙafa yana tambayarta ko injin na shan mai da yawa. Da na fito ta ce, “Wata takwas nake, da me za ka kai ni asibiti in naƙuda ta tashi, da jita?” Ta haɗa kayanta a jaka ɗaya ta tafi gidan yayarta. Ko rakiya ba ta bari na yi mata ba.

Motar tana nan, ban sayar ba. Matar ce ba ta nan.

Yaya, tun ina ƙarami ban taɓa ɗaga maka murya ba. Da ka ce ni direba ne, ina zan san jita, na haɗiye, don na ɗauka gaskiya ce. Kwana biyu takardata na aljihunka, ka san abin da zan yi, ka san kuma ko ta zinariya na kawo maka ba za ta kaɗu ba. Kalma ɗaya ta isa: bari. Ba ka faɗa ba. Da Anti ba ta ɗinka maɓalli ba fa? Da ta Amurkar ta iso ita ma ta ƙi, wa za ka ɗora wa, mutanen Amurka?

Na tambayi ma'aikaciyar jinya ta asibitin ma'aikatanmu. Ta ce ba za ta iya cewa komai ba sai an gan ka, amma sau da yawa irin wannan jijiya ce ke matsewa a gwiwar hannu ko a wuya, kuma kowane wata da aka ƙara ana jira, abin da za a iya cetowa raguwa yake. Wata biyar ka riga ka ba ciwon kyauta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka je asibiti ran Litinin. Ka gaya wa Madugu da bakinka kafin ya ji a wani wuri. In ba ka je ba, kada ka sake rubuto mini, don ba zan buɗe ba.

Har yanzu ƙaninka ne,
Auta


Juma'a, 7 ga wata

Auta,

Gaisuwa, in za ka karɓa. Na san kusan mako shida ke nan ban amsa maka ba. Kunya ce.

Na je asibiti tun Litinin ɗin da ka ce. An yi ta gwaje-gwaje, jijiya ce a gwiwar hannu. Na kuma kira gidan yayar amarya, na ce a ba amarya waya, na gaya mata laifin nawa ne daga farko har ƙarshe. Ta saurare ni, ta ce ta ji. Antinka ta ce amarya ta koma ɗakinta, kuma an samu mace. Allah Ya raya. Ban cancanci ka sanar da ni ba, ban yi fushi ba.

Jitarka ba ta da laifi. Ban taɓa riƙe wadda ta fi ta ba, har da farar. Ka gaya wa mai shagon nan na janye maganata.

Jiya aka gama ɗaukar faifai. Ticha ne ya kaɗa wurarena duka, ni ina zaune a bayan gilashi kusa da mai na'ura. Na koya masa kowane hawa da sauka, ya kuma kaɗa daidai, ko kuskure ɗaya babu. Da aka sake kunna mana, Madugu ya rungume shi. Ni ma na tafa, da abin da ya rage mini na hannu.

Ran Talata za a yi aikin, ƙarfe tara na safe. Na tambayi likita ko yatsun za su dawo, ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa, ya ci gaba da rubutu.

Na san da jaririya a gida, ba ni da bakin roƙo. Amma in amarya ta yarda, ka zo ko na kwana ɗaya ne. A gaban Antinka da yara ina ta wasa da dariya. Kai kaɗai zan gaya wa, Auta: tsoro nake ji.

Yayanka